Littafin jinin Baba: abin da nake rubutawa tun da aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Kwana biyar ke nan da fara yi wa Baba wankin ƙoda. Takardun gwajin jini sun kai bakwai a cikin ledar da nake yawo da ita, amma in na koma gida Umma ta ce mini "jinin nasa ya ƙaru ko raguwa ya yi?" sai in rasa ta cewa. Shekara 11 ina koyar da lissafi a sakandare, abin da na iya shi ne in jera lambobi in ga inda suka dosa. Don haka yau na sayo littafi mai bango mai tauri da takardar zanen giraf.

Ciwon baya Baba ya fara da shi tun bayan babbar sallah. Ya yi ta shan maganin ciwon jiki na kemis, irin su dikulofinak, wanda yanzu muka san ƙara wa ƙodar nauyi yake yi. Da fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, aka kwantar da shi, aka zuƙi ɓargo a ƙashin ƙugunsa, sakamako ya nuna kansar ɓargo ce, wadda likitoci ke kira mayeloma. Wasu ƙwayoyi ne a cikin ɓargo suke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, suna zubo wani furotin da ke toshe ƙananan hanyoyin ƙoda. Ciwo ɗaya ne ya taɓa wuri biyu: inda ake ƙera jini da inda ake tace shi.

Na ja layuka a littafin: rana, nauyinsa, PCV (kaso nawa cikin ɗari na jininsa ne jajayen ƙwayoyi), hemogulobin (sinadarin cikin jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska), fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin daskarar da jini (ma'aikata filatlet suke cewa, ni ma haka zan riƙa rubutawa), maganin da aka ba shi, da kuɗin da aka kashe. Littafi da takarda naira 1,800.

Litinin, 7 ga Oktoba

Lambobin farko a littafin, na yau kafin a ɗora shi a kan inji: PCV 23, hemogulobin 7.6, fararen ƙwayoyi 5,200, filatlet 208,000.

Na samu likitan jini tana da ɗan sarari, na ce, "Likita, don Allah injin ne yake shanye masa jini? Haka 'yan dubiya suke ta faɗa." Ta ce in zauna. Hannu uku ne, in ji ta, suke jan jinin Baba lokaci guda. Ƙoda ita ke samar da mafi yawan sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi, to ta daina. Dattin da ke taruwa a jini kuma yana gajarta rayuwar ƙwayoyin, waɗanda a mai lafiya sukan kai kwana 120. Na biyu kansar, da ta cinye wurin ƙira a ɓargo, tare da maganinta. Injin shi ne na uku: kowane wanki akwai ɗan jinin da ke maƙalewa a filta da robobi, yana kuma wanke wasu bitamin irin su folik asid, shi ya sa ake ba shi ƙwayarsa kullum. Ta ce aikina in riƙa rubutawa da kyau, don mu gane wane hannu ne ya ja a wace rana.

Ma'aikacin ɗakin gwaji ya bar ni na leƙa madubin ƙara girma. Jajayen ƙwayoyin Baba ba a warwatse suke ba, sun hau kan juna layi-layi kamar kwabban da mai shago ya jera ya tura gefe suka kwanta. Ya ce yawan furotin ɗin kansar ne ke manna su haka. Na daɗe ina kallo.

An yi masa allurar maganin kansar ta farko, botezomib, a fatar ciki, bayan an sauke shi daga inji, don kada a wanke ta da jinin. Za a yi Litinin da Alhamis mako biyu, a huta kwana goma, a sake. Ya zo daidai da ranakun wankinmu. Sau uku a mako ya kamata a wanke shi, awa huɗu-huɗu, amma biyu ƙarfinmu ya kai. Wanki 55,000, allura 48,000, gwaji 5,000.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kuskure na farko, kuma nawa ne. Na matsa a ɗebi jini bayan an gama wanki, don in ga ko injin ya rage shi. PCV ya fito 26. Na kira Yaya a waya ina murna, ita ma ta kira Umma, kafin in iso gida labari ya zaga dangi cewa jinin Baba ya hau da maki uku cikin kwana uku.

Sistar da ke kula da injinsa ce ta nuna mini sikeli. Ya hau da kilo 61.8, ya sauka da 59.5. Ta ce, "Malam, in ka bar miya a wuta ruwanta ya ƙone, ta yi kauri, nama ne ya ƙaru?" Ruwa aka cire fiye da lita biyu, jinin ya yi kauri, ƙwayoyin suna nan yadda suke. Zuwa wanki na gaba ruwan zai dawo, lambar ta koma.

Sai da na sake bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina warware maganar. Na Umma ne ya fi yi mini nauyi. Na ƙara layi biyu a littafin: ƙarfe nawa aka ɗebi jinin, kuma kafin wanki ne ko bayansa. Daga yau kafin wanki kawai.

Litinin, 14 ga Oktoba

PCV 22, fararen ƙwayoyi 6,100, filatlet 171,000. Wanki lafiya. Allura ta uku. Ya ci tuwo kaɗan da daddare.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Da asuba da yana asuwaki na ga jini a bakinsa. Filatlet 118,000. Cikin kwana goma sun sauko daga 208,000.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne hefarin, maganin da ake zubawa a layin inji don kada jini ya daskare a ciki. Na karanta cewa a wasu mutane jiki yakan yi masa bore, filatlet su faɗi da fiye da rabi, galibi tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara shi, kuma abin mamaki gudan jini yake kawowa maimakon zubarsa. Na kai wa likita littafin. Ba ta raina tambayar ba. Ta duba ƙafafunsa da wurin kateta, robar da ke wuyansa wadda ake haɗa shi da inji ta cikinta, babu alamar toshewa. Ta ce botezomib ma an san shi da saukar da filatlet, yakan kai ƙasa wajen rana ta 11 na zagaye, wato yau, sannan su farfaɗo a kwanakin hutu. Faɗuwar bai kai rabi ba. Za a rage hefarin saboda dasashin, a sa ido. Idan suka tashi alhali ana ci gaba da ba shi hefarin, mun san mai laifi.

Na sayo masa buroshi mai laushi, an ajiye asuwaki. Ya yi shiru, ya ce, "Shekara sittin ina yi da shi." Na ce, "Baba, na ɗan lokaci ne, in sha Allahu."

Litinin, 21 ga Oktoba

PCV 21, filatlet 139,000. Sun fara hawa.

An yanke shawarar fara masa allurar ƙarin jini, wadda ke maye gurbin sinadarin da ƙoda ta daina yi. Likitan ƙoda da ta jini sai da suka tattauna tukuna, don ga mai cutar kansa ba a yin ta da gaggawa. Tun 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan irin waɗannan allurai, saboda haɗarin gudan jini da kuma yiwuwar su ingiza wasu kansoshin. Ƙaramin awo za a ba shi, kuma ba a neman hemogulobin ya koma irin na mai lafiya. In ya kai wajen 10 ya isa, ba za a bari ya haura 11.5 ba. Sun ce kada in sa rai da ganin canji kafin makonni. An gwada ƙarfen jininsa, ya yi ƙasa, za a riƙa sa masa ta layin inji.

Na sayi sirinji huɗu, 9,000 kowanne, aka yi ɗaya, na taho da uku gida.

Laraba, 23 ga Oktoba

Wuta ta ɗauke tun shekaranjiya, ba unguwarmu kaɗai ba, kusan duk arewa. Allurar tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8. Da na ga firjinmu ya huce sai na sayo ƙanƙara da tsada, na zuba a kula, na kwantar da sirinji biyu a kanta kai tsaye, na ukun yana gefe cikin kwalinsa. Da safe biyun sun daskare. Mai harhaɗa magani ya ce wadda ta daskare ta lalace, ko ta narke ba a amfani da ita, haka ma wadda aka girgiza da ƙarfi. Naira 18,000 ta tafi.

Wani maƙwabcinmu mai sola ya ba mu gurbi a ƙofar firjinsa. Allah ya saka masa da alheri. Nan gaba ɗaya-ɗaya zan riƙa saye a ranar wanki, ko da zai sa in yi sammako.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Rana mafi muni zuwa yanzu.

Awa biyu da minti goma da farawa injin ya soma ƙara. Tun farko katetar ba ta jan jini sosai, in Baba ya juya wuya sai ta tsaya. Ga hefarin an rage. Ina tsaye na ga filtar, wadda da farko ja ce gaba ɗaya, ta fara yin zane-zane baƙi daga sama zuwa ƙasa, jinin da ke cikin ɗan kofin roba na layin ya yi duhu kamar hanta. Sista ta tura ruwan gishiri, ya ƙi wucewa. Ta kira abokiyar aikinta, suka duba, suka ce ba za a mayar masa da wannan jinin ba, kada gudaji su shiga jikinsa. Aka naɗe robobin da filtar da jinin da ke ciki, wajen mililita 200, aka jefa a kwandon shara mai launin ja.

Na bi ledar da ido har aka fita da ita. Makonni uku muna lallaɓa maki ɗaya, ga shi an ɗauke a gabana. Baba ya lura da fuskata, ya ce, "Kai, zauna mana. Wanda ya ba da na farko yana da wani."

Sabon saiti 22,000, aka ƙarasa awa ɗaya da rabi. Ban ga laifin kowa ba. An rage hefarin don kada ya zubar da jini ta baki, sai ya rasa shi ta inji. Za a mayar da awon zuwa tsaka-tsaki tunda filatlet na hawa, a kuma gyara zaman katetar.

Litinin, 28 ga Oktoba

PCV 19, hemogulobin 6.3. Yana haki in ya je banɗaki ya dawo. Ƙarin jini ya zama dole. Ƙanena ya bayar tun ranar Asabar, gwaje-gwaje da leda 18,000. A kan inji aka sa masa, kuma na ga hikimar hakan: jinin da aka ajiye yana zuwa da ruwa da fotasiyam, injin na kwashe su nan take.

Filatlet 196,000, kuma duk kwanakin nan ana ba shi hefarin. Likita ta kalli zanen da na yi, layi ya sauka ya sake hawa, ta ce allurar kansa ce. An fara zagaye na biyu.

'Yan dubiya na ta kawo dabino, da zogale, da shawarar a haɗa masa maltina da madara. Niyyarsu alheri ce, amma ƙarancin jinin Baba ba daga abinci matsalarsa take ba, kuma dabino da ayaba da ganye mai yawa suna tara fotasiyam, wanda in ya yi yawa a mai ciwon ƙoda zuciya yake tsayarwa. Yaya ce ta ɗauki nauyin karɓa da godiya tana wucewa da su ɗakin yara.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Fararen ƙwayoyi 3,000, niyutirofil daga cikinsu 1,200. Ranar Litinin 4,900 ne da 2,300. Waɗannan su ne masu yaƙi da ƙwayoyin cuta, ga mutum da roba a wuya wadda ta shiga har babbar jijiya. Na riga na fara tunanin za a dakatar da allura.

Tambayar farko da likitan ƙoda ya yi: ƙarfe nawa aka ɗiba? Na buɗe littafi. An ɗora shi 8:40, an ɗebi jini 9:00, saboda na makara a layin biyan kuɗi ban kawo kwalbar gwaji mai murfi shuɗi-ja da wuri ba. Ya ce shi ke nan. A mintuna 15 zuwa 30 na farko, in jini ya taɓa fatar filta, garkuwar jiki takan zabura, niyutirofil su je su lafe a ƙananan jijiyoyin huhu, sai a ga kamar sun ɓace daga jini. Cikin awa guda sukan dawo. Aka sake ɗiba da za a sauke shi: 5,300.

Da daddare na bi diddigin abin. Tun 1968 wasu likitoci biyu a Amurka, Kaplow da Goffinet, suka ba da rahotonsa, sannan a 1977 Craddock da abokan aikinsa suka bayyana yadda yake faruwa. A tsofaffin filtoci da ake yi da sinadarin auduga faɗuwar ta fi tsanani ƙwarai, na roba na yanzu sun rage ta amma ba su kawar da ita ba. Filatlet ma sukan ɗan sauka a wannan lokacin su dawo.

Likitan ya ƙara mini abu biyu da na rubuta a bangon littafi. Da yawa daga cikinmu mutanen Afirka ta Yamma niyutirofil ɗinmu a halitta ya ɗan gaza abin da ke rubuce a gefen takarda, kuma lafiyarmu ƙalau, don haka da lambobin Baba na baya za a riƙa auna shi. Sannan ƙwayar dekzametazon da yake sha tare da allura takan ɗaga lambar kwana ɗaya ko biyu, kada in ga ta hau in ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru.

Gwaji biyu, 10,000. PCV 22. Wuta ta fara dawowa.

Litinin, 4 ga Nuwamba

PCV 23, filatlet 160,000. Lafiya. Kwalbar gwaji tana aljihuna tun daren jiya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Rana ta 11. Filatlet 112,000, kusan inda na yi hasashe da fensir. Babu jini a dasashi. Ya ce tafin ƙafarsa na ɗan yi masa kamar tafiyar kiyashi, na gaya wa likita, ta ce allurar na taɓa jijiyoyi, in ya ƙaru a sanar da ita kafin zagaye na uku.

Talata, 12 ga Nuwamba

Jiya an yi wanki lafiya, muka koma gida. Ƙarfe 11 na dare sanyi ya kama shi, haƙora na haɗuwa, ma'auni ya nuna 38.6. An riga an gargaɗe mu cewa zazzaɓin da ya kai 38 ga mai kateta kuma mai shan maganin kansa ba a kwana da shi a gida, ba a kuma rufe shi da farasitamol a jira safiya. Muka fita a motar maƙwabci.

An ɗebi jini ta kateta da ta hannu don a shuka a ga ko ƙwayar cuta ta shiga, aka fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin sakamako. Gwajin maleriya ya nuna akwai. Filatlet 71,000, PCV 20.

A makon hutu muke, lokacin da layin ya kamata ya hau. Da ba ni da zanen zagayen farko da na ce allura ce ko inji. Hannu na huɗu ne wannan, wanda ba mu lissafa da shi ba: maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyi, tana kuma cinye filatlet. Ko sauro ne ko ta jinin da aka ƙara masa mako biyu da suka wuce, likita ta ce duka biyun na yiwuwa. Ban faɗa wa ƙanena wannan ba. Na ɗaura sabon gidan sauro a gadon Baba da na Umma.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Wanki ba hefarin ko kaɗan. Duk rabin awa sista na tura ruwan gishiri ta wanke layin tana duba filta, ni ma idona na kanta har aka gama. Ba ta toshe ba. Zazzaɓi ya sauka.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Shukar jini ba ta fitar da komai ba, katetar ta tsira, an sallame mu ranar Asabar. Filatlet 134,000, PCV 21. An ɗaga zagaye na uku da mako guda. Ban so ba, don kowace rana da aka yi jinkiri furotin ɗin na iya sake taruwa a ƙoda, amma na ga jikinsa, ba zai ɗauka ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Lafiya. Ba a yi gwaji ba, an huta da kuɗin da kuma jinin, don kowace kwalba ma daga jikinsa take fita.

Litinin, 25 ga Nuwamba

PCV 24, hemogulobin 8.0, fararen ƙwayoyi 5,000, filatlet 203,000. Maki uku cikin mako guda ba tare da leda ba, kafin wanki aka ɗiba, na tsaya a kai da kaina. Mako biyar ke nan da fara allurar ƙarin jini. Wannan karon sai da na nuna wa likita ta tabbatar kafin in kira gida.

Akwai wani layi da na ƙara tun farkon wata ban ambata ba. Ina auna fitsarinsa na kwana guda a jarka mai ma'auni. Ranar 3 ga wata mililita 350 ne, jiya 900. Nauyin da yake tarawa tsakanin wanki da wanki ya sauko daga sama da kilo biyu zuwa ɗaya. Likitan ƙoda ya ce a mayeloma wasu ƙodarsu kan farfaɗo har su bar inji in maganin kansa ya kama da wuri, amma yawan fitsari kaɗai ba ya nuna tana tace datti. Ya ce kada in yi wa Umma alkawari.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Lissafin wata biyu: wanki 18, naira 990,000. Allurar kansa 10, naira 480,000. Allurar ƙarin jini 14 har da biyun da suka daskare, 126,000. Da gwaje-gwaje, da jini, da kwanciyar maleriya, mun haura miliyan 1.8. Filin Yaya na bayan gari aka sayar, abin da ya rage zai kai mu tsakiyar Janairu in ba a samu wata tangarɗa ba.

Abin da ke gaba: ranar Litinin za a tara fitsarin awa 24 a haɗa da gwajin kiriyatinin (wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini) kafin wanki, a ga nawa ƙodar ke yi da kanta. Bayan zagaye na uku a sake auna furotin ɗin kansar. Maganar yi masa hanyar wanki ta dindindin a hannu an jingine ta sai an ga waɗannan, amma an ce a kiyaye jijiyoyin hannunsa na hagu, ba allura ba ɗibar jini, na ɗaura masa zare ja a wuyan hannun don tunatar da ma'aikata. Rana ta 11 ta wannan zagayen za ta faɗo 5 ga Disamba, na sa ɗigo da fensir a 115,000.